Me ya sa sankarar mama ta kai ƙwaƙwalwa duk da magani?

'Yar'uwa, kin tambaya yadda sankarar mama ta yayarki ta kai ƙwaƙwalwa alhali ana yi mata allurar Herceptin. Allah ya ba ta lafiya.

Maganin nan, da Amurka ta amince da shi a 1998, yana kama furotin HER2 da ke rura wutar ciwon. Sai dai ƙwayar sinadarinsa babba ce, bangon jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa kuwa a matse yake gam, kamar rariya mai ƙananan idanu. Da ƙyar yake ratsawa. Shi ya sa masu bincike suka duƙufa neman magunguna masu ƙananan ƙwayoyin sinadari, har aka amince da tucatinib a 2020. Haɗiyarsa ake yi, kuma yana isa can.

Don Allah ki tambayi likitanta ko zai dace da ita, kada ki ji nauyi.