Ruwan da muke sha: likita na amsa tambayoyinku

Likita, mukan jefa alif a ruwan rijiya har ya yi garau. Ya wadatar? Uwar gida daga Gusau

Bai wadatar ba, Hajiya. Laka da datti alif ke kwantarwa, amma ba ya kashe ƙwayoyin kwalara da na taifot, su kuwa ido ba ya ganinsu. Idan ruwan ya kwanta, ki tafasa shi sosai, ki bar shi yana tafarfasa na minti 1. Ki rufe randa, ki ware mata moɗa mai mariƙi, don sau da yawa hannun yara ne ke ɓata ruwa bayan ya shigo gida.

Ɗana mai shekara 3 yana ta amai da gudawa tun dare, bayan gidan kamar ruwan shinkafa. Wane magani zan saya? Wani uba daga Maiduguri

Malam, bar maganar kemis, ka ɗauke shi zuwa asibiti yanzu. Wannan alama ce ta kwalara, kuma abin da ke kisa a cikinta ƙarewar ruwan jiki ne, wanda kan faru cikin sa'o'i kaɗan. Abin da ya fi ci mini rai shi ne iyayen da ke hana yaro ruwa wai don gudawar ta tsaya. Wallahi wannan ne ke ƙarasa shi.

Kafin ku isa, ku riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Idan ya yi amai, a jira minti 10, a ci gaba da kurɓa masa kaɗan-kaɗan. Idanun da suka faɗa, ko ɗaukewar fitsari, na iya nufin ana buƙatar ƙarin ruwa ta jijiya. A asibiti za su haɗa masa da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14.

Yaranmu na fitsarin jini, dattawa sun ce alamar balaga ce. Manomin rani daga Kura

Ba balaga ba ce, tsargiya ce. Tsutsarta na fitowa daga jikin dodon koɗi, ta ratsa fata yayin wanka ko aiki a kududdufi da magudanan ban-ruwa. Praziquantel na maganinta, ana auna shi bisa nauyin yaro ko tsawonsa. Idan aka yi sakaci shekara da shekaru, tana lalata mafitsara da ƙoda, don haka a kai su duka a gwada fitsarinsu.