Rakin abokin haɗakarka ba shi ne ya ci jarin ba

Wani mai shagon atamfa a kasuwar Sabon Gari ya rubuto mini. Shi da ɗan baffansa, wanda yake kira Yaya, suka haɗa naira miliyan biyu-biyu suka buɗe shago, riba raba daidai. Yau Yaya ciwon baya, gobe olsa, jibi taifot. Duk ranar da za a je sari Kantin Kwari a Kano sai jiki ya motsa. In ya zo shagon ma, yana kan benci dafe da ƙugu, yana ba masu saye labarin allurar da aka yi masa. Kuɗin magani kuwa daga durowa yake ɗauka. Tambayarsa: ta yaya zai gane ciwon na ƙarya ne, kuma ko ya zare kuɗinsa ya zuba a wata harka ta intanet da aka ce tana ninka jari cikin wata uku?

Malam, batun ninka jari ka bar shi nan. Na ga waɗanda suka sayar da fili a kan irin wannan, yau ko lambar wanda ya karɓi kuɗin ba ta shiga. Ba zan ɓata lokaci a kansa ba.

Tambayarka ta farko kuma ba ta da amfani gare ka. Kai ba likita ba ne, ni ma haka. Ko da ka kama shi dumu-dumu yana raki, me ka samu ban da gaba a cikin gida? A wasiƙarka ka lissafo mini cututtuka har shida, amma ba ka faɗi nawa ya ɗauka daga durowa a bana ba. Ba ka faɗa ba don ba ka sani ba. Nan ne ciwon shagonku yake. Kun haɗa kuɗi da baki kawai, don kuna ganin jini ɗaya ne ku, ba littafi, ba shaida, ba a yanka wa aiki farashi ba.

Yi lissafi da kanka. A ce dubu uku yake ɗauka, sau uku a mako. Dubu tara ke nan, a shekara ya haura dubu ɗari huɗu da sittin. Turmi nawa za ka sayar kafin ribarsa ta cike wannan gurbi? Kuma kai ma, tsakaninka da Allah, ba ka taɓa sa hannu ka ɗauki kuɗin cefane ba ka ce za ka mayar? In babu littafi, ranar rabuwa shi ma abin da zai faɗa a kanka ke nan.

Na san wasu 'yan'uwa biyu masu shagon kayan masarufi a Tudun Wada. Ƙanin kullum ciwon kai, wan yana cewa lalaci ne. Sun yi shekaru a haka, kowa na zarar kuɗi da fushi a ransa. Ashe hawan jini ne na gaske. Wata safiya ya yanke jiki ya faɗi wajen ɗaga ƙofar shago, aka kwashe shi zuwa asibitin Shika, ɓarin jiki ya shanye. Da iyalinsa suka nemi kasonsa don jinya, aka juye shagon kaf, abin da ke ciki bai kai rabin uwar kuɗin ba, kuma babu takarda ko ɗaya da za ta nuna inda sauran ya bi. Har yau 'ya'yansu ba sa gaisawa. Wannan abu yana damuna duk lokacin da na bi ta layin.

Saboda haka ka sayi littafi mai bango mai ƙarfi. Duk wanda ya ɗauki kuɗi, na magani ne ko na cefane, a rubuta da sunansa da kwanan wata, a cire daga ribarsa. Sannan ku raba jari da aiki. Jari yana da ribarsa, wanda ya wuni a shago kuma yana da ladan wuninsa, ko da dubu biyu da ɗari biyar ne, tafiyar Kano ma da nata. Ranar da Yaya bai fito ba, ba zargi, ba ɓacin rai, kuɗin ranar ya tafi ga wanda ya tsaya ko ga yaron da kuka ɗauka. Mai ciwon gaske zai huta da kunyar rashin zuwa, mai raki kuwa aljihunsa ne zai tashe shi.

Na san nauyinsa kake ji, tunda ya girme ka. To kada ka tare shi a shago gaban mutane. Ka je wurin Baffa bayan la'asar, ka ce Baba, so nake mu rubuta lamarinmu saboda rai da mutuwa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu, ba dattijon da zai ce ka yi rashin kunya. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Kuma kafin zaman nan, ka ɗauki Yaya da kanka ka kai shi asibiti, ba kemis ba, a auna jininsa, a duba sukari, a ga abin da ke damun cikin nan. Kuɗin katin da na gwajin ka biya daga aljihunka, kada ka taɓa durowa.