Ga Malamar da aka ɗora wa kwas ɗin Chaucer zuwa Shakespeare

Assalamu alaikum. Malama, tun daren jiya na ga tambayarki, na rubuta amsa na goge ya fi sau uku, domin kin fama mini wani tsohon miki. Kin ce an ba ki adabin Turai na tsakiyar zamani da na zamanin farfaɗowa, 'yan aji biyu su ɗari da arba'in, mako guda a aji mako guda ta intanet, kin buɗe Zoom mutum goma sha tara suka shigo, shi ne kike tambaya ko ki riƙa naɗar laccar gaba ɗaya kina jefa musu a guruf. Ƙanwata, don girman Allah ki dakata tukuna, ki ji abin da ya same ni.

Ni a 2021 aka ɗora mini shi, lokacin da korona da dogon yajin aikin nan suka haɗu suka cinye mana shekara, aka dawo ana matse zango kamar ana kora. Babban malamin da ya saba koyar da shi ya ce ya gaji, a ba yara. Na karɓa hannu bibbiyu, don tun ina ɗaliba nake son kwas ɗin. Ranar Alhamis ƙarfe takwas da rabi na dare nake yin na intanet, lokacin matan aure sun kwantar da yara, masu shago sun rufe, sabis ma ya fi zama. Minti arba'in Zoom ɗin kyauta yake ba mu ya katse. Ina naɗa, ina turawa guruf saboda waɗanda ba su da data, daidai abin da kike shirin yi. Mako huɗu lafiya lau.

A na biyar muka iso kan Matar Bath, ɗaya daga cikin matafiyan da ke ba da labari a The Canterbury Tales, littafin Chaucer, mawaƙin Ingila. Kun dai san ta, masaƙiyar nan da ta je Ƙudus sau uku, aka yi mata auren fari tana da shekara 12, ta auri maza biyar, kunnenta guda ya toshe saboda dukan da na biyar ya yi mata ranar da ta yage masa littafinsa na aibata mata. Na karanta Turancin, na yi bayani, shiru kake ji. Allon duk baƙi, kowa ya rufe kyamara, ban ma san ko da mutane a bayan sunayen ba. Sai na ajiye Turanci na koma Hausa, na ari bakinta na ci mata albasa. Na ce ni nan da kuke gani maza biyar na aura, uku tsofaffi ne masu dukiya na juya su yadda na ga dama, na shida ma in ya zo ina maraba da shi. Nan take ajin ya farka. Wata matar aure ta buɗe makirfo ta ce, Malama, to Chaucer ɗin yabonta yake yi ko tona mata asiri? Wallahi ban taɓa jin daɗin aji kamar na daren nan ba. Na kwanta ina murna.

A lokacin wata huɗu ke nan da gama iddata, ana tsakiyar ja-in-ja a kan riƙon 'ya'yana biyu.

Wani a cikin ajin ya zauna ya yanko daƙiƙa hamsin. Ba farko, ba ƙarshe, ba sunan Chaucer, ba tambayar yarinyar nan, muryata kaɗai tana cewa maza biyar na aura. Ranar Asabar ko addu'ar bayan sallar asuba ban shafa ba Yaya ya kira, ko gaisuwata bai amsa ba ya ce in zo gida yanzu. Na tarar da Inna zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, kokonta ya huce a gabanta ba ta taɓa ba. Ashe a gidan suna wata maƙwabciya ta kanga mata waya a kunne, a gaban mata. Yaya ya kunna ya ajiye wayar a tsakaninmu. Da ya ƙare Inna ta ce, muryarki ce ko ba muryarki ba ce? Na ce tawa ce, Inna. Ta ce shi ke nan. Na koma mota na ɗauko littafin, na durƙusa na buɗe mata shafin, ina nuna mata da yatsa ina cewa wani Bature ne ya rubuta, ya mutu tun 1400, ni karantawa kawai nake yi. Inna ba ta yi boko ba. Ta dubi takardar, ta dube ni, ta ce to shi Baturen da Hausa ya rubuta? Har gobe in na tuna da tambayar nan sai na ji ƙirjina ya yi nauyi. Kafin la'asar abin ya isa gidan su tsohon mijina, kuma sun yi amfani da shi, ba sai na faɗa muku ta yaya ba.

Amma duk wannan bai ƙona mini rai kamar na wurin aiki ba. Yaron da ya yanka yaro ne, na bar shi da Allah. Wanda ya ɗauki abin ya saka a guruf ɗin malamai, ya rubuta a ƙasa wai ga irin tarbiyyar da ake ba 'ya'yan mutane, shi ne dai babban malamin nan da na gaji kwas ɗin a hannunsa. Mutumin da ya shekara fiye da goma yana koyar da Matar Bath! Ya san kowane layi, ya san daga inda maganar ta fito, da tsohon littafinsa mai jan layuka ma nake shiga aji. Da kalma ɗaya ya faɗa, ya ce wannan ai Chaucer ne, da wutar ta mutu a ranar. Bai faɗa ba. Na same shi a ofis, na gaishe shi da ladabi kamar kullum, na ce ranka ya daɗe ai ka san wurin. Ya ci gaba da duba takardunsa, ya ce shi a zamaninsa da Turanci yake koyarwa. Aka kafa kwamiti, na kai cikakken sautin na minti talatin da takwas, suka saurara, suka ce ba ni da laifi, in je in ƙara kula. Da baki suka faɗa. Ba a rubuta ba, ba a saka a guruf ɗin da aka ci mutuncina ba, ba wanda ya ce yi haƙuri. Har yau muna haɗuwa da shi a baranda, ina gaishe shi, yana amsawa kamar ba abin da ya faru. Na yafe ko ban yafe ba, ni kaina wata rana sai in rasa amsa.

To, Malama, kada ki tura doguwar lacca guruf. Abin da ya fita daga bakinki a aji iska ce ta ɗauke, wanda kika naɗa kuwa ya zama na kowa, har da wanda bai taɓa jin sunan kwas ɗin ba. Ban ce ki daina naɗa ba, ni ma ban daina ba. Saƙon murya nake yi gajeru, minti huɗu zuwa shida, kowanne magana ɗaya, kuma ba na taɓa cewa ni a bakin wani tauraro, sai dai ta ce, ya ce, marubucin ya sa ta ce. Duk wurin da yake da ƙaiƙayi kuma na kwashe shi na mayar makon aji: Matar Bath, labarin mai injin niƙa da batsarsa, wurin da Faustus na wasan kwaikwayon Marlowe yake kiran shaiɗan yana sa hannu da jininsa. In Dante, mawaƙin Italiya, yana cikin manhajarki, kin san akwai babin da ko kusa bai kamata ya shiga waya ba, ni ko a aji ba na karanta shi. Ranar irin waɗannan darussa waya tana cikin jaka, kuma ina faɗa musu dalili, ba na ɓoyewa.

Maganar mutum goma sha tara kuma, kada ki ɗauka raini ne. Na taɓa tsawata wa wata yarinya a kan rashin shiga, ashe wayar mijinta take ara, shi kuma sai goma na dare yake dawowa. Wani kuma wayarsa tana wurin mai caji tun la'asar. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ma sai abin ya juye, wasu sun fi son makon intanet saboda kuɗin mota. Ni dai na haƙura da taro kai tsaye in ba sau ɗaya a wata ba. Ina tura saƙon murya ranar Litinin, in ba su zuwa Alhamis, kowane rukuni na mutum goma su turo amsa ɗaya da murya, ba a rubuce ba. In a rubuce ne kwafowa za su yi. Ki ɗora maki biyar daga cikin na gwaji a kai, za ki sha mamaki.

Kuma wannan adabin ai dama na kunne ne. Sai a 1476 Caxton ya kafa injin ɗab'i a Ingila, shekara 76 bayan mutuwar Chaucer, kafin nan yawancin mutane ji suke yi ana karantawa. Shi ya sa nake jin takaici in na ga an raba wa yara taƙaitaccen bayani a fotokwafi an ce sun yi Chaucer. Ranar farko a aji ki rubuta layuka goma sha takwas na farkon gabatarwar littafin nan na Chaucer a allo, ki ce su manta da Turancin da suka sani, su karanta wasulan kamar suna karanta Hausar boko, a ta zama a, i ta zama i, kada su haɗiye baƙi ko ɗaya. Turancin lokacin wasulansa ba su riga sun sauya ba, don haka bakin yaranmu ya fi kusa da shi fiye da yadda suke zato. Ɗari da arba'in su ɗauka tare kamar ana biya allo, za ki ji ɗakin yana amsawa. Ruwan Afrilun da yake magana a kai kuma, ki ce musu su tuna ƙamshin ƙasa ranar ruwan farko, don mu Afrilunmu zafi ne zalla. Matafiya 29 da suka haɗu a masauki za su ziyarci kabarin Thomas Becket, babban limamin cocin Canterbury, suna rage hanya da labarai, duk wanda kakansa ya taɓa ba shi labarin ayarin alhazai ta Chadi da Sudan ya gane su. Labari cikin labari ma ba baƙo ba ne ga wanda ya karanta Magana Jari Ce a firamare, daga nan sai ki ja su zuwa Boccaccio, marubucin Italiya, da matasan littafinsa goma da suka guje wa annobar 1348 suka yi labarai ɗari. Su da suka sha kullen korona, wannan ba ya buƙatar dogon bayani.

Waƙoƙin nan masu ɗango goma sha huɗu da ake kira sonnet su ne suka fi dacewa da makon intanet. Guda ɗaya tak a mako, ki ɗauki hotonta ki tura, ko mai ƙaramar data zai buɗe. Su nemo amsa-amon, su ƙirga gaɓoɓin, su gano inda maganar ta juya. Wasan kwaikwayo kuwa na aji ne, a tashi tsaye a yi shi.

Wani abu da ba ki tambaya ba, amma sai na faɗa. A kowace shekara sai wani ya ɗaga hannu ya ce, Malama, mu ina ruwanmu da waɗannan matattun Turawa? Da farko fushi na yi. Yanzu sai in zana layi biyu a allo. A sama in sa Machiavelli yana rubuta littafinsa na nasiha ga mai mulki a 1513, a ƙasa in sa Al-Maghili da ya riga shi da kimanin shekara ashirin, ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasa. In nuna musu likitan da ke cikin ayarin Chaucer, wanda aka jero malaman da ya karanta har da Ibn Sina da Ibn Rushd da Al-Razi. In gaya musu littafin Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, da ya ambaci Kano da Katsina da Gobir da Zazzau, an fassara shi zuwa Turanci a 1600, 'yan shekaru kaɗan kafin a fara nuna Othello, wasan kwaikwayon Shakespeare, a Landan. Ranar da na fara yin haka wani yaro daga can baya ya biyo ni har bakin mota yana tambaya a ina zai samu littafin. A shekarar da abin nan ya faru ne, kuma ina jin ba don irinsa ba da na ajiye aikin.

Ki samu wakiliyar aji mace ban da namijin, akwai abin da 'yan mata ba za su faɗa masa ba. Guruf ɗin kuma ki kulle shi, ke kaɗai ke turawa, su yi nasu daban. Ki ajiye cikakken kwafin duk abin da kika naɗa a wuri biyu, ni shi ya cece ni gaban kwamiti. Tsarin darussanki ma ki kai wa shugaban sashe ya sa hannu tun makon farko, da sunan kowane labari a rubuce, kada gobe wani ya ce bai san kina koyar da shi ba. Ban sani ba ko kina da aure ko babu, ba kuma sai kin faɗa a nan ba, amma ki sani mu mata ba a yi mana uzurin da ake yi musu.

Ki yi mini magana ta gefe in turo miki jadawalina na mako goma sha biyu da karatun layukan nan goma sha takwas da na naɗa. Ki gaya mini kuma wane bugu na littafin kike da shi, don lambobin layukan Matar Bath su zo daidai da nawa. Sai bayan isha'i nake duba waya, in na kwantar da yaran, suna wurina yanzu, alhamdu lillahi.