Likita, Cakulan Magani Ne Ko Kayan Kwaɗayi?

Tun da masu Umara suka fara dawowa da tsaraba, tambayoyin da ke zuwa mini kan cakulan suka yi yawa. Ga waɗanda na zaɓo a wannan makon.

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ni dai in na buɗe cakulan sai na ga bayansa. Ina latsa waya ina ci, kafin in ankara babu ko ɓarɓashi, kuma raina bai daina so ba. Yaya zan yi? (Wata baiwar Allah, Unguwar Rimi)

Amsa: 'Yar'uwa, ba yawan kwaɗayi ke damunki ba, sauri ne. Cakulan ba a yi shi don taunawa a haɗiye ba. Man koko da ke cikinsa yana narkewa ne a zafin digiri 34 ko kusa da haka, jikin mutum kuwa digiri 37 ne, don haka harshe kaɗai ya isa ya narkar da shi. Wanda ya tauna ya haɗiye cikin daƙiƙa biyar, zaƙin sukari kawai ya ji, ɗanɗanon kokon bai ma fito ba.

Ga abin da za ki gwada. Kada ki taɓa shi da yunwa, ki bari sai kin ci abinci. Ki ɓallo gutsure biyu ko uku, kamar giram 20 zuwa 30, ki naɗe sauran ki kai shi wani ɗakin tun kafin ki fara, domin abin da ke gaban ido shi hannu ke kai wa. Ki kife wayar. Ki kurɓi ruwa marar sanyi, sannan ki shinshina gutsuren kafin ya shiga baki. Kada ki raina wannan shinshinar: yawancin abin da muke kira ɗanɗano ta hanci yake zuwa, shi ya sa mai mura ke cewa miya ba ta yi daɗi ba alhali mai girkin ba ta sauya komai ba. Ki gatsa sau ɗaya, ki bar shi a kan harshe yana narkewa, bakinki a rufe, numfashi na fita ta hanci. Da fari ɗaci za ki ji, sai ɗan tsami-tsami, can daga baya ƙamshi irin na gasasshiyar gyaɗa ya biyo. Kada ki ɗauki na biyu sai wannan ya gushe.

Ki lura da yadda dattijo ke cin goro. Ɓari ɗaya zai kai shi daga la'asar har magariba, yana jiran zaƙin da ke biyo bayan ɗacin. Goro da koko kuwa dangi ne a tsirrai, kuma dukansu suna ɗauke da sinadarin kafin mai wartsakarwa. Irin wannan cin nake nufi.

Ki riƙa duba bayan takarda kuma. In kika ga 70%, kashi 70 cikin 100 daga koko ne, sauran galibi sukari. Mai irin wannan ƙarfin da kansa yake tsayar da mutum, ba a iya cinye shi a zama ɗaya kamar mai madara. In ɗacin ya yi miki yawa, ki fara da mai 50%.

Tambaya: Ina da hawan jini da ciwon suga. Jikana ya gani a intanet wai baƙin cakulan, mai yawan koko, maganin hawan jini ne. Gaskiya ne? (Wani dattijo, Kawo)

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Jikan naka ya ɗauko gaskiya ce ya ƙara mata gishiri. Koko na da sinadaran flabanol masu taimaka wa jijiyoyin jini su saki, amma saukar da ake gani a awo kaɗan ce, wajen maki 2, ba abin da zai tsaya a madadin ƙwayar da aka rubuta maka. Kada ka ajiye maganinka ko na kwana ɗaya saboda wannan labari.

Ta ɓangaren suga kuwa, giram 100 na cakulan mai madara kusan rabinsa sukari ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce kimanin giram 50 na sukari a rana, wato ƙaramin cokali 12, in ya tsaya a 25 ma ya fi. Ka ga sanda ɗaya ta cinye kason yini. In ranka ya biya, ka ci gutsure ɗaya na mai 70% bayan abinci, ka auna suganka bayan awa 2 ka ga yadda jikinka ya karɓa. Garin cakulan na gwangwani da ake haɗa shayi da shi ma akwai sukari da yawa a ciki, garin koko zalla marar sukari ya fi dacewa da kai.

Abu ɗaya da nake so iyalinka su sani: ranar da suga ta faɗi, ka ji rawar jiki da gumi, kada a nemo cakulan. Maiƙonsa na jinkirta shigar sukari cikin jini. Sukari a ruwa ko lemon kwalba mai zaƙi ya fi sauri.

Tambaya: Tsarabar da aka kawo mini ta yi fari-fari a sama. Ta lalace ne? (Wata Hajiya, Malali)

Amsa: Hajiya, zafin Kaduna ne da ɗauke wuta. Man ya narke ya taso sama, ya sake daskarewa. Ba fumfuna ba ce, ana ci, sai dai santsin ya ragu. In akwai warin tsohon mai, ko ƙwari sun shiga, ko wa'adinsa ya wuce, a zubar. Daga Maris zuwa faɗuwar damina ki sa shi a roba mai murfi cikin firji, ki fito da shi ya huce kafin ci, domin sanyi na danne ƙamshinsa.

Tambaya: Cikina wata 6, kullum cakulan nake sha'awa. Zai cutar da jaririn? (Wata amarya, Rigasa)

Amsa: Ƙanwata, Allah ya sauke ki lafiya. Kaɗan ba ya cutarwa. Ƙa'idar da muke bi ita ce kada mai ciki ta wuce miligiram 200 na sinadarin kafin a rana, wanda ke cikin giram 30 na baƙin cakulan kuwa bai wuce miligiram 25 zuwa 30 ba. Sai dai ki haɗa lissafin da shayi, kofi da goro. Yana kuma tayar da ƙwarnafi, don haka kada ki ci ki kwanta. In an ce miki sugarki ta hau a awon ciki, ki dakata har sai kin haihu.

Tambaya: Yarana ba sa barina in ban saya musu ba a hanyar makaranta. (Wani magidanci, Tudun Wada)

Amsa: Malam, a nan shawarar ci a hankali da na ba mai tambaya ta farko ba ta aiki. Haƙori ya fi cutuwa da yawan lokutan da sukari ke taɓa shi, don haka yaron da ke tsotsa kaɗan-kaɗan tun safe har yamma ya fi wanda ya ci sau ɗaya shiga haɗari. Ka ware rana ɗaya a mako, ka ba su bayan abinci, su kuskure baki da ruwa, da dare a goge haƙora da man goge baki mai fuloraid. Ɗan ƙasa da shekara 2 kuwa kada a ɗanɗana masa ko kaɗan, ko da kakarsa ce ta miƙo.