Gaɓa nawa ce a cikin "photosynthesis"?

Wata ɗaliba 'yar babbar sakandare ta rubuto mana daga Zariya, ta ce malamin kimiyyar halittu da malamar Turanci sun saɓa kan yadda ake furta kalmar photosynthesis, tana son sanin gaɓoɓinta da inda ake danna murya.

To 'yata, gaɓa biyar ce: pho-to-syn-the-sis. Kada yawan haruffan ya ruɗe ki. Haruffa 14 ne a rubuce, amma da kunne ake ƙirga gaɓa, ko'ina aka ji wasali an samu gaɓa ɗaya. Harafin y ɗin nan na tsakiya aikin wasalin i yake yi, ph kuma f ce kawai, ba a jin p ko h a cikinta.

Asalin kalmar Girkanci ne, phos haske, synthesis haɗawa, wato yadda tsiro ke haɗa abincinsa daga hasken rana da ruwa da iskar da muke fitarwa idan mun numfasa. Wani masanin tsirrai Ba'amurke, Charles Barnes, shi ya gabatar da ita a 1893. Kin ma san rabinta tun kina yarinya, domin hoto da muke faɗa daga photo ya samo asali. Bahaushe ya mayar da f zuwa h a gaban o, kamar yadda wasu ke cewa fuɗu wasu huɗu.

Gaɓoɓin ba su fi ƙarfin bakinmu ba. Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da wasali da baƙi. Fo da to buɗaɗɗu ne, wato da wasali suke ƙarewa. Sin rufaffiya ce, da baƙi take ƙarewa, daidai da yadda muke cewa ƙasar Sin, sis kuma tana ƙarewa kamar takwas. Ba a buƙatar cusa wasali irin wanda muka cusa har bread ya zama burodi.

Gaɓa ta huɗu ce mai gardama. Sautin th babu shi a Hausa, shi ya sa muke mayar da shi s, Yarabawa kuma t. Ki sa bakin harshenki tsakanin haƙora ki hura iska ba tare da murya ba. Wanda ya yi karatun allo ya san shi, harafin da ke farkon thumma ne.

A ganina dai wurin danna murya ya fi wannan muhimmanci. Hausa karin sauti take da shi, hawa da sauka, Turanci kuwa gaɓa ɗaya yake ɗora wa nauyi. A nan ta uku ce: fo-to-SIN-the-sis. Idan ta koma siffa, photosynthetic, sai nauyin ya matsa gaba: fo-to-sin-THE-tik. Mai yiwuwa a nan malaman naki suka rabu, ki je ki saurari kowannensu da kyau.