Tambaya da Amsa: Zan iya sa wa furob ɗina soket ɗin BNC?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Ina gyaran inbata da cajar batir, kuma ina da furob (sandar awo mai wayoyi) na osiloskop, na'urar da ke nuna siffar wuta a fuskarta, irin mai auna bambancin wuta tsakanin wurare biyu, an rubuta yana ɗaukar bolt 1,300. Wayoyinsa biyu, ja da baƙa, manne suke da jikinsa, ba sa cirewa. Yanzu jar ta fara tsagewa daidai inda ta fito daga akwatin. Ina so in yanke su in sa soket ɗin BNC guda biyu, irin zagayayyen mahaɗin nan da ke gaban osiloskop, in riƙa canza waya yadda na ga dama. Me ya sa ma masu ƙera shi ba su yi haka tun farko ba?
Daga wani mai karatu, mai gyaran inbata.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Ajiye filayar nan tukuna, mu yi magana.

Masu ƙera shi ba rowa suka yi ba. A irin wannan furob, wayoyin da wurin da suka shiga akwati suna cikin abin da ke yin awon, kuma su ne katangar da ke tsakanin yatsanka da wutar.

Ɗauki BNC ka duba. Jikinsa ƙarfe ne tsirara, kuma a osiloskop wannan ƙarfen haɗe yake da wayar ƙasa ta cikin fulogin na'urar. An yi shi ne don inda waya ɗaya ke ɗauke da sigina, ɗayar tana ƙasa, kuma ƙarfinsa bai wuce wajen bolt 500 ba. Furob ɗinka kuwa babu wayarsa da ke ƙasa. Ja da baƙa duka suna iya zama a kan ɗaruruwan bolt lokaci guda. To jikin BNC ɗin da me za ka haɗa shi? In ka mai da shi waya ta biyu, ka ɗora wuta a kan ƙarfen da hannunka ke murɗawa. In ka haɗa shi da ƙasa, ka kawo ƙasa kusa da bolt dubu, tazarar 'yan milimita, sannan kebul ɗin da ke tafiya da shi, irin RG-58, yana da kafasitans, wato halin riƙe caji da ke yi wa sigina nauyi, kusan fikofarad 100 a kowace mita, alhali bakin furob ɗin gaba ɗaya 'yan fikofarad ne. Akwai wani mahaɗin mai kama da BNC, SHV, mai ɗaukar bolt 5,000, wanda aka lulluɓe tsinkensa can ciki. Ya magance batun jan wuta, amma nauyin kebul na nan daram.

Tazarar da ke raba wuta da ƙarfe ko yatsa ma iri biyu ce: wadda tartsatsi zai tsallaka ta iska, da wadda wuta za ta bi ta kan fuskar roba. Ta biyun ce maciji a ƙaiƙayi. Ƙura, gumi da ragowar man dalma suna kwanciya a kan roba, wuta ta riƙa rarrafawa a hankali har ta ƙona wani siririn baƙin layi, daga nan kuma hanya ta buɗe. Ƙa'idar IEC 61010-031 ita ke kula da furob-furob na hannu, kuma abin da aka yi wa lambar matakin tsaro ta CAT III bolt 1,000 ana sa ran ya jure bugun wuta na bolt 8,000. Shi ya sa kake ganin fulogin milimita 4 na irin wannan aiki da rigar roba har bakinsa, da ɗan kunne da ke tare yatsa.

Amma abin da ya fi damuna da shawararka shi ne daidaito. Furob ɗin yana rage wutar kowace waya, sau 50 ko sau 500, sannan ya cire ɗaya daga ɗaya. Duk abin da wayoyin biyu suka yi tarayya a kai ya kamata ya ɓace. Zai ɓace ne kawai in ɓangarorin biyu tagwaye ne. Suka bambanta da kashi ɗaya cikin ɗari, to kashi ɗaya cikin ɗari na wutar tarayyar zai fito a fuskar osiloskop kamar sigina na gaske. Ka ce kana auna get ɗin tiransista na sama a inbata, wato ƙafar da ake kunna shi da ita: siginar da kake nema bolt 15 ce, amma tana zaune a kan wurin da ke tsalle daga sifili zuwa bolt 400. Kashi ɗaya na 400, bolt 4 ke nan na ƙarya a kan 15. A wutar gida mai hez 50 ko 60, resistoci ne ke riƙe da daidaiton, kuma suna yi da kyau. Da zarar gudun ya kai miliyoyin hez, sai ƙananan kafasitans na kwanciyar waya, da girman soket, da kusancinsa da bod (allon da aka like kayan a kai) su karɓi ragama. Tiransistoci masu saurin gaske irin na SiC da GaN suna iya sauya bolt 50 cikin nanosakan ɗaya, kuma a wannan gudun fikofarad ɗaya tak yana barin miliamfiya 50 su bi ta cikinsa.

Ni kaina na taɓa shan wannan. Baƙar wayata ba ta kai inda nake so ba, sai na ƙara mata guntuwar waya mai bakin kada, kamar taƙi ɗaya. Nan take na ga wani tsini a get, kamar tiransistan zai kunna kansa. Kwana biyu ina canza resista ina zargin bod. A rana ta uku na haɗa bakin ja da na baƙa wuri guda, na ɗora su a kan wurin da ke tsallen. Ya kamata in ga miƙaƙƙen layi, tunda babu bambanci tsakaninsu. Tsinin na nan, ko gezau. Na cire guntuwar wayar, na murɗe biyun kamar igiya, ya koma ɗan ƙurji. Ashe bod ɗin lafiyarsa ƙalau.

Tsawo ma yana da nasa. Kowane milimita na waya yana da indaktans, wato halin ƙin sauyin wuta farat ɗaya, kusan nanohenri ɗaya, shi da kafasitans na bakin furob sai su riƙa kaɗawa kamar ƙararrawa a kowane gefen sigina. Da waɗannan wayoyin, da tsawonsu, aka saita furob ɗin a masana'anta. Gaskiya ne akwai masu cirewa, amma soket ɗin milimita 4 mai riga suke sawa, biyu iri ɗaya. Masu aikin da ya fi wannan gudu kuma sun koma furob mai aika sigina ta zaren haske, irin IsoVu na Tektronix, mai ɗan mahaɗin MMCX da ake likewa a kan bod. Wannan wata duniya ce daban.

To, jar wayarka. Daina aiki da ita daga yau, kuma kada ka naɗe ta da salatif. Tsagar tana daidai inda tafin hannu ke kamawa. In akwai hali, mayar wa masu shi su gyara, domin da ka buɗe akwatin, lambar CAT da ke jikinsa ta daina yi maka alƙawari. In dole kai za ka yi, canza wayoyin biyu tare, ko da baƙar ba ta da komai. Nemi mai rigar silikon biyu, wadda ƙarfin da aka rubuta a jikinta bai gaza na furob ɗin ba, ka yanka su tsawo ɗaya, ka like su inda tsofaffin suke, ka kwantar da su yadda ka same su. Kada ka bar tsinin dalma, ka goge mansa tas, ka mayar da robar da ke hana waya karyewa a bakin akwati. Kada ka taɓa 'yan sukurorin saiti na ciki.

In ka gama, fara gwadawa da ƙaramar wuta. Sannan haɗa bakunan biyu ka ɗora a kan wurin da ke tsalle, kamar yadda na yi, ka duba tsayin abin da ya fito. Rubuta adadin a takarda ka manna a jikin furob ɗin, don ka san duk tsinin da bai wuce wannan ba, yana iya zama daga furob yake.