Wace amfilifaya zan saya don koyon jita a ɗaki?

Tambaya: Salam malam, barka da aiki. Ni a Kaduna nake, ɗaki ɗaya nake haya, kwanan nan na sayi jita mai lantarki bayan na daɗe ina fama da ta katako. Yanzu amfilifaya nake nema irin ta dijital ɗin nan mai kwaikwayon sauti kala-kala, yayana da ke Amurka ya ce in zaɓa zai taho min da ita. Na rikice tsakanin Boss Katana 50, Fender Mustang LT25 da Spark 40. Kiɗan su Bombino nake so da hailaif, kuma yawanci sai dare nake samun lokaci. Wacce ce tafi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a sabuwar jita. Dukkansu ukun nan kaya ne masu kyau, babu wadda zan ce maka jabu ce, amma ni abin da yafi jan hankalina a tambayarka ba sunayen ba ne, abu biyu ne da ka faɗa a wuce: gidan haya, da kuma dare. Su za su zaɓa maka, ba yawan watt da aka rubuta a jikin kwali ba.

Bari in fara da yadda abin yake aiki dan ka gane me kake saya. Amfilifaya ta asali irin ta da, kwalabe ne a cikinta masu ɗaukar zafi, kuma daɗin sautinta baya fitowa sosai sai an ƙure mata murya har ta fara ɗan karyewa, kaga a ɗakin haya wannan ba zai yiwu ba, kafin ka kai inda take daɗi mai gida ya ƙwanƙwasa maka ƙofa. Ita kuwa ta dijital ƙaramar kwamfuta ce a ciki, tana karɓar sautin jitarka ta mayar da shi lissafi, ta kwaikwayi yadda waɗancan tsofaffin na Fender ko Marshall ko Vox suke yi in an ƙure su, sannan ta baka shi a ƙarar da kake so komai ƙanƙantarta. Ba sabon abu bane, kamfanin Line 6 ya fitar da irin wannan na'ura, POD ɗinsa ja, tun 1998, sai dai na yanzu sun yi nisa ƙwarai wajen kama da na gaske. To amfaninta a gida kenan, cikakken sauti da ƙaramar murya.

Maganar watt kuma mutane suna ruɗuwa a kanta sosai. Mai watt 50 bata ninka mai 25 a ƙara ba, in ka ninka ƙarfin wuta desibel 3 kawai kake ƙarawa a ma'aunin ƙara, kunne zai ji bambanci amma kaɗan, sai ka ninka watt kusan sau goma kafin kunne ya ce ƙarar ta ninka. A ɗaki ɗaya ko watt ɗaya ya isa ya tada yaron maƙwabta daga barci. Abin da yafi canza sautin shi ne girman sifika da akwatin da take ciki.

Nan ne Katana take da ƙarfi. Sifikarta inci 12 ce, irin girman da ake samu a manyan amfilifayoyin dandali, in ka bugi igiyar ƙasa zaka ji tana da jiki, iska na motsi. Kuma tana da makunnin rage ƙarfi, ka sa ta a 50, ko 25, ko 0.5, to wannan rabin watt ɗin shi ne abokinka da dare. Komai nata a sama yake ka murɗa da hannu, kalolin sauti irin su Clean, Crunch, Lead, Brown, Acoustic, ga Gain mai sa sauti ya karye ga Bass ga Treble, baka buƙatar waya kafin ka fara kiɗa, in kana son shiga can ciki ne sai ka haɗa ta da kwamfuta ta manhajar Boss Tone Studio. Matsalarta girma, ta haura kilo 11, ka tambayi yayanka tukuna ko ya yarda ta cinye masa rabin nauyin jaka. In dai kana da niyyar nan gaba ka shiga ƙungiya ko ka riƙa bugawa a coci ko wajen biki tare da mai ganga, a cikin ukun nan ita kaɗai ce zata iya ɗaga murya a ji ka.

Mustang LT25 sifikarta inci 8, tana da ɗan allo mai kala da sautuka da aka riga aka shirya, ka juya ka zaɓa, mai sauƙi ce ga ɗan koyo kuma tsabtataccen sautin Fender ya dace da hailaif ƙwarai. Bata da Bluetooth, da kebul zaka jona wayarka.

Spark 40 ta Positive Grid ita kuma wata duniya ce daban, ƙananan sifiku biyu ne inci 4, an yi ta ne dan a ɗora kan tebur, kana kunna waƙa daga waya ta Bluetooth kana bi, manhajarta har tana ƙoƙarin nuna maka kod ɗin waƙar da ka saka, wato igiyoyin da zaka danna tare. Dan koyo abin sha'awa ne wallahi. Amma ka sani rabin amfaninta a cikin wayarka yake, wasu abubuwan kuma sai da data, ranar da waya ba caji ko sabis ya ƙi sai ka koma kan 'yan sautukan da ka ajiye a jikinta. Kuma ni a kunnena ƙasan sautinta ya cika yawa, in ka jingina ta da bango sai ta riƙa gurnani, sai ka rage Bass ka ɗan janyo ta gaba.

Yanzu ga abin da masu bita a YouTube ba za su gaya maka ba saboda su basu san ɗauke wuta ba. Duk ukun da ka lissafa sai da soket suke aiki. In NEPA ta ɗauke ƙarfe tara na dare, lokacin da ka ce kake samun sarari, to shikenan jita ta koma jingine. Dan haka ina so ka ƙara wasu cikin lissafinka: Yamaha THR30II Wireless da THR10II Wireless suna da batir a ciki da ake cajawa, kuma tun fitowar THR a 2011 dan ƙaramar murya a ɗaki aka ƙera ta, sautinta a hankali yana da faɗi da daɗi, sai dai tsada. Spark Mini ma mai batir ce. Akwai kuma Roland Micro Cube mai cin batir AA guda shida, wadda take da JC Clean, kwaikwayon Jazz Chorus ɗin nan JC-120 ta 1975, tsabtataccen sauti mai sheƙi wanda in ka ɗora masa ɗan chorus mai faɗaɗa sauti da delay mai maimaita shi ka samu hailaif ɗinka. In kuɗi sun ragu, ka roƙi yayanka ya haɗo da Fender Mustang Micro, ɗan abu ne da ake cusawa kai tsaye a ramin kebul na jita a sa hedfon, yana shiga aljihu, ko ƙarfe biyun dare ba wanda zai san kana kiɗa.

Sai babban gargaɗi tunda daga Amurka za a taho da ita. Wutar can 120 ce, tamu 230. Kafin ya biya kuɗi ya duba bayan amfilifayar ko jikin adaftarta, in an rubuta 100 zuwa 240V ba matsala, kan fulogi kawai zaka canza. In kuwa 117V ko 120V kaɗai aka rubuta, kamar yadda Katana ta kasuwar Amurka take zuwa, kada ka kuskura ka cusa ta a soket ɗinmu ko na daƙiƙa ɗaya, zata ƙone nan take kuma allon dijital ba irin abin da kowane mai gyaran rediyo zai ɗinke maka bane. Dole sai da taransifoma mai rage wuta, wadda ƙarfinta ya zarce abin da amfilifayar ke ja. Ko da wutar ta dace ma, ka sa mata sitabilaiza, ka kuma saba cire fulogi in an ɗauke wuta, dan dawowarta ce take kashe kaya. In da inbata zaka yi amfani, mai araha ɗin nan da wutarta bata fita sumul tana sa sifika zzzz, janareta ƙarami ma haka, kuma in jitarka mai siraran pikof ce (abin da ke ɗaukar sautin igiya) irin Stratocaster zata ƙara ɗauko ƙugin, musamman a gidan da ba a yi wayar ƙasa ba. Ka matsa nesa da caja da fanka, ka juya jikinka a hankali har ka samu kusurwar da ƙugin ya lafa, kar ka ce amfilifaya ce ta lalace.

Game da sautin Agadas, yankin su Bombino a Nijar kuwa, kada yawan sautuka ɗari-ɗari ya ja ka. Abin da kake ji wajen Bombino baya buƙatar kaya da yawa, sauti ne kusan tsabtatacce da ya ɗan fara karyewa, yawancin aikin a yatsu yake, yadda ake danna igiya a saki da sauri ana barin ta ƙasa tana amo. Ka sa Crunch, Gain ƙasa da rabi, Middle ka ɗan ɗaga, reverb mai amsa-kuwwa kaɗan, ka zauna a kan wannan wata guda kana saurare kana bi. Na ga yara da yawa sun sayi mai allo sun ƙare suna juya makunni awa biyu ba su buga minti goma ba, abin yana min ciwo dan hannunsu mai kyau ne.

In ni ne kai, da ɗaki kaɗai zan tsaya kuma wutar unguwarmu bata da tabbas, THR mai batir zan ce ya kawo, in tayi tsada Spark Mini. In kuma ina hangen fita wasa nan da shekara, Katana 50 da taransifoma da hedfon mai rufe kunne gaba ɗaya, ba iyafis ɗin waya ba. LT25 sai in kuɗin ne suka tsaya a nan, kuma ba zaka yi nadama ba, ita ma dai a duba mata lambar wuta. Ka ce masa ya haɗo da kebul mai kyau guda biyu da igiyoyi fakiti uku ko huɗu tunda basu da nauyi, sannan ka ɗinka mata riga wajen tela kafin hunturu, ƙura tana shiga makunnai su fara ƙaraf-ƙaraf in ana murɗawa.